Garejin da Ya Raba Motata da Karkarwa a Kurmin Mashi

Motata Honda Accord ce ƙirar 2005, irin wadda 'yan kasuwar mota suka laƙaba wa suna EOD, mai injin silinda huɗu da giya mai canza kanta. 'Yar Kwatano ce, kuma shekara shida ke nan tana kai ni aiki daga Unguwar Dosa zuwa cikin garin Kaduna, sannan kusan kowane ƙarshen mako ta kai ni Zariya in gaida mahaifiyata in dawo. A wajen ƙarshen damina ta tsiro da wani hali da ban san ta da shi ba. Idan na taka totur, allurar gudu tana tsakanin kilomita 50 da 80, sai gaban motar ya kama rawa kamar mazari, rawar da ake ji a ƙarƙashin kujera da tafin ƙafa fiye da yadda ake jin ta a sitiyari. Da zarar na ɗaga ƙafa kuma sai ta yi lakwas, ta ci gaba da tafiya sumul, har mutum ya fara zargin kansa cewa shi ne ya ji abin da babu.

Kafin in kai ga garejin da zan yi magana a kansa, na bi ta hannu uku, kuma sai na faɗi yadda aka yi da su, domin da su ne nake auna aikin na huɗun. Na farko mai balansin ne, wanda ya ɗora tayoyin gaba a kan na'ura, ya manna musu 'yan dalma, ya karɓi kuɗinsa, na fito ban yi nisa ba rawar ta dawo. Na biyu makanike ne da ko tada motar bai yi ba ya yanke hukuncin cewa fulogi ne, aka sayo huɗu aka sa, da abin bai tafi ba ya ce kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, aka canza guda, da shi ma bai yi ba sai ya ce a wanke nozul, mai fesa wa inji fetur, yana ta ba ni labarin gurɓataccen fetur ɗin nan mai sinadarin metanol da ya shigo ƙasar a watan Fabrairun 2022, kamar dai har yanzu ragowarsa ce a tankina. Na uku ya tuƙa ta daga bakin rumfarsa zuwa kwanar layi, ya dawo ya ce giyabos ɗin ya gama aiki, kuma ya san inda za a samo wani. A duk wannan yawo an bar jaki ana dukan taiki, ni kuwa aljihuna ne taikin.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wurin. Yana bakin titin Nnamdi Azikiwe da muka fi sani da baifas, ta wajen Kurmin Mashi, idan aka ɗan gangara daga kwalta. Ba wani abin kallo ba ne: rumfar kwano ce a gindin darbejiya biyu, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da benci ɗaya da ya sha baƙin mai har ya daina nuna kalar katakonsa. Mai wurin dattijo ne da zai yi shekara hamsin da ɗoriya, yaransa biyar suna ce masa Oga, kuma yawancin motocin da ke jibge a gabansa Honda ne da Toyota.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya ce, "Yallaɓai, idan ka ɗaga ƙafa daga totur, rawar tana tsayawa ko tana ci gaba?" Na ce tana tsayawa. Ya tambaya ko tana yi idan mota tana tsaye inji na aiki, ko tana yi idan na taka birki, ko ina jin ƙas-ƙas idan na karya kwana sosai, ko kuma fitilar nan mai hoton inji ta taɓa kamawa ko ƙyaftawa a gabana. Duk na ce a'a. Sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kujerar direba, ya ce in zagaya in zauna a gefensa.

Wannan gwajin tuƙi shi ne ainihin abin da ake saye a garejin nan, shi ya sa zan daɗe a kansa. Muka hau baifas muka nufi Mando, ya kai ta kilomita 100 a shimfiɗaɗɗen wuri, ya sassauta riƙon sitiyari ya ce in duba hannunsa. Sitiyarin bai motsa ba. Ya ce da taya ce ta rasa balansin, ko wili ya lanƙwashe a rami, ko tayar ta yi ƙulu, to da gudu rawar za ta riƙa bi, ta fi tsanani a wani takamaiman gudu, yawanci idan an doshi ɗari, kuma babu ruwanta da ko ƙafa tana kan totur ko ba ta kai, tunda tayar tana juyawa ko an taka ko ba a taka ba. Daga nan ya taka birki a hankali tun daga wannan gudun har muka kusa tsayawa, fedar ba ta harbi ƙafarsa ba, ya ce faifan birki ma ya fita daga zargi. Sannan muka juya ta Kawo. Da muka fara hawan gadar sama ya rage gudu zuwa wajen 50, ya danna totur da ɗan ƙarfi, nan take gaban motar ya shiga kaɗawa hagu da dama har kwalbar ruwan da ke aljihun ƙofa tana buga jikin roba. Ya ɗaga ƙafa, ta yi tsit. Ya sake takawa, ta sake kamawa. Sau uku ya yi haka kafin mu sauka daga gadar, sai ya ce, "Wannan ba ta rawa sai an ɗora mata kaya. Ƙarfin inji ne yake bi ta wani wuri da ya ci, kuma ina zaton shaf ne, ƙarfen da ke juya taya, amma ba zan sa ka sayi komai ba sai mun gani da ido."

Da muka dawo bai tafi kai tsaye wajen abin da yake zato ba, sai da ya kawar da sauran. Ya ɗauko wata ƙaramar kwamfuta ya jona a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da wannan soket, kuma ta nan ake karanta laifin da motar ta rubuta wa kanta. Ya bayyana mini cewa da wata silinda tana fashin ƙona mai, da an ga lamba irin P0301 zuwa P0304, wadda adadinta na ƙarshe yake nuna silindar da ke da matsala, ko P0300 idan fashin yana yawo a tsakaninsu. Babu ko ɗaya. Ya ƙara da cewa ko da lambar ta fito, ba a sayen kwayil sai an ɗauke wanda ake zargi an musanya shi da na wata silindar, idan laifin ya bi shi to shi ne, idan ya tsaya a inda yake sai a duba fulogi ko nozul. Wannan gwaji kyauta ne, bai fi minti goma ba, kuma da makanikena na biyu ya yi shi da kwayil ɗina na asali yana nan a jikin motar. Ya kuma ja kunnena cewa motar da ke fashin wuta ba a ci gaba da tuƙa ta, musamman idan fitilar tana ƙyaftawa, saboda ɗanyen fetur yana gangarawa salansa ya ƙona abin tace hayaƙin nan da makanikai suke kira indomi, wanda kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Bayan haka ya buɗe bonet, ya sa babban yaronsa ya shiga ya danne birki, ya sa giya a D ya ɗan taɓa totur, sannan ya mai da ita R ya sake. Mu muna tsaye a gefe, ba a gaban motar ba, muna kallon yadda injin yake ɗagawa a kan robobin da yake zaune a kansu, waɗanda ake kira injin-sit. Ya ɗaga fiye da kima ta gaba, kuma da ya haska tocila sai ga alamar wani baƙin ruwa da ya taɓa tsiyaya daga robar gaban, domin irin wadda ake cika cikinta da ruwa ce. A nan ne na ga gaskiyar mutumin. Ya ce robar ta gaji, za ta buƙaci canji, amma ba ita ce take kawo rawar da na zo da ita ba, tata alamar ita ce ɗan girgiza idan an tsaya a danja da giya a D, da kuma ƙarar gaf idan ana sauya giya daga tsaye. Wani da ya samu wannan ƙofa da ya shige ta, ya ci kuɗin roba, in dawo bayan kwana biyu ya ci na shaf.

Da aka hau da ita kan rami ya kira ni in sauko. Motar tana jan ta da tayoyin gaba, don haka akwai shaf biyu da suke ɗaukar ƙarfi daga giyabos zuwa kowace taya, kuma kowane shaf yana da gaɓa biyu da aka lulluɓe da roba mai lanƙwasa cike da giris. Ta wajen taya ita ce mai ƙas-ƙas a kwana idan ta lalace, kuma kowa ya san wannan. Ta ciki, wadda take manne da giyabos, ba ta cika yin ƙara ba, rawa take kawowa, shi ya sa ake yawan ɗora laifinta a kan giya. Robar ta ciki ta ɓangaren direba ta tsage a cikin lanƙwasarta, inda ido ba ya kaiwa sai an buɗa da yatsa, kuma giris ɗin da ya fantsamo ya yi zobe a jikin giyabos da ƙarfen da ke kewaye, ƙura ta bi ta daskare a kansa. Ya kama shaf ɗin daf da gaɓar ya girgiza shi sama da ƙasa, ya yi loko-loko. Ya kama na ɗaya ɓangaren, da ƙyar ya motsa.

Da aka zare shi aka wanke da fetur a cikin kwano sai na ga ciwon ƙuru-ƙuru. Gaɓar wani kofi ne na ƙarfe mai hanyoyi uku a cikinsa, da wasu 'yan tayoyin ƙarfe uku da suke kai da kawowa a cikin hanyoyin duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka. Oga ya kama yatsana ya bi da shi ta cikin ɗaya hanyar. Da farko santsi ne kamar cikin cokali, sai kawai yatsan ya faɗa wani ɗan gurbi da ƙarfe ya ci ƙarfe, wurin ya yi ƙyalli, gefensa kuma da kaifi. Abin da ya rage na giris ya koma wani jan taɓo mai yashi-yashi, wato ruwan damina da jar ƙasar unguwanninmu sun shiga sun zama abin wasa wuƙa. Ya ce idan an taka totur, ƙarfin inji yana matse 'yan tayoyin a jikin hanyar, su riƙa faɗawa gurbin suna fita a kowane juyi, shaf ɗin ya daina juyawa a tsakiyarsa, shi ne motar take kaɗawa. Idan an ɗaga ƙafa matsin ya tafi, sai su sake. Bayanin ya zauna daram a kan abin da na ji a gadar Kawo, kuma wata biyu ina neman wanda zai yi mini shi.

Zaɓi uku ya shimfiɗa mini. Ana iya sa sabuwar roba a cika giris, amma ya ce wannan maganin gaɓar da ba ta riga ta ci ba ne, a tawa kuwa asarar kuɗi ce. Ana iya sayen sabon shaf na kwali mai araha, sai dai ya ce ya sha ɗaura irinsu su fara rawa tun ranar farko. Ko kuma a nemo na Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga wata motar a waje, wanda shi ya fi so, da sharaɗin a duba shi da kyau, domin shi ma tsoho ne kuma yana iya zuwa da irin wannan ciwon. Na zaɓi na ukun. Bai karɓi kuɗin kaya a hannuna ba, ya haɗa ni da yaronsa muka tafi Panteka, kasuwar kayan mota, riƙe da tsohon, kuma wannan ma abin yabo ne, tunda a nan ne aka fi yi wa masu mota kamasho. Yaron ya jera tsohon da wanda aka fito mana da shi ya gwada tsawo, ya ƙirga haƙoran bakinsu, domin na mai silinda shida da na mai huɗu ba ɗaya ba ne, ya murɗa gaɓar yana sauraron ko akwai wasa, ya ƙi na farko, ya karɓi na biyu, ya kuma sa mai shagon ya yarda cewa idan ya yi rawa cikin mako guda za a dawo da shi. Ba zan kawo farashinsa ba, saboda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kuɗin kayan mota ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Iyaka dai duk abin da na kashe a ranar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ce in tanada don giyabos ba.

Yanzu sai inda ban ji daɗi ba, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne duka. Mafi girma shi ne batun man giya. Idan aka zare shaf, ɗan mai yakan biyo ta ramin, kuma dole a cike gurbinsa. Oga ya tafi duba wata mota da ta mutu a hanya, sai na hangi ɗaya daga cikin ƙananan yaran ya ɗauko wata jarka marar suna yana shirin tsiyaya jan mai a giyata. Na ce masa, "Kai samari, dakata, wane mai ne wannan?" Ya ce man giya ne, duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Giyar Honda mai canza kanta tana da nata mai, wanda yanzu ake sayarwa da sunan DW-1, kuma sa mata wani daban yana iya kawo fizga wajen sauya giya, har da wata karkarwar da ta yi kama da wadda na zo gyarawa. Da Oga ya dawo ya yi wa yaron faɗa sosai, ya aika aka sayo na gaskiya, amma da na bar motar na tafi ofis kamar yadda yawancin mutane suke yi, da ba wanda zai sani. Ilimin garejin nan a kan mutum ɗaya yake, idan ya ba da baya sai abin da hali ya yi.

Na biyu shi ne ɗaurin babban notin da ke riƙe shaf a tsakiyar taya. Kamfani ya ƙayyade masa ƙarfin ɗauri, kuma akwai sifana mai awo da ake yin wannan da ita, amma a nan dogon bututu aka zura wa sifana, yaro ya hau ya taka. Tsohon notin aka mayar, alhali irin wanda ake dannan bakinsa ne da kurfi don kada ya kwance, wanda ya kamata a sa sabo. Ɗaurin da ya wuce kima ko ya gaza yana rage wa boris ɗin taya kwana. Na yi magana, Oga ya yi murmushi ya ce hannunsa ya san awon. Wataƙila haka ne, amma ba hannunsa ne ya ɗaura ba, ƙafar yaro ce. Mutumin da ya sayi kwamfutar duba mota bai kamata a ce sifana mai awo ta gagare shi ba.

Sauran na yau da kullum ne. An ce mini zan karɓi mota da azahar, ban bar wurin ba sai da aka kira magariba. Babu rasit, babu wani rubutu da ke nuna abin da aka canza da ranar da aka canza shi. Kuɗin aiki ba a faɗe shi tun farko ba, sai da aka gama ya ce naira 15,000, da 5,000 na dubawa, wanda a ganina bai yi yawa ba ko kaɗan idan aka dubi abin da ya cece ni daga gare shi, amma na fi son in san abin da zan biya kafin a kwance taya. Jaridar da aka shimfiɗa ta kare kujera, ba ta kare sitiyari da hannun giya ba, sai da na goge su da kaina. Mace ko dattijon da zai yi jiran awa biyar a kan bencin nan zai sha wuya.

Duk da haka zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu. Wanda motarsa take irin wannan rawa, musamman mai Honda ko Toyota, ya je da sassafe kafin ƙarfe tara, ya kauce wa ranar Juma'a, ya nace cewa Oga da kansa ne zai tuƙa ta yana zaune a gefensa, kuma tun daga gida ya lura da amsar tambayoyin nan: ko rawar tana bin gudu ne ko tana bin totur, ko tana yi a tsaye, ko a sitiyari ake jin ta ko a kujera. Ya zo da man giyarsa a hannu, kada kuma ya bar wurin sai an rufe bonet. Wanda ke neman wurin da zai ajiye makulli ya tafi harkarsa, wannan ba nasa ba ne.

Wata uku ke nan da gyaran. Na yi Zariya sau tara ko goma, na hau gadar Kawo da mutum biyar a mota da buhun masara a but, ban sake jin ko ɗigon rawar ba. Ɗan girgizar da ya faɗa mini tana nan idan na tsaya a danjar titin Ali Akilu da giya a D, tana ma ɗan ƙaruwa idan na kunna na'urar sanyi. Idan albashin wannan wata ya shigo zan kai masa ita a canza robar gaban, kuma na riga na sayi sabon notin shaf yana nan a aljihun gaban mota, in sa a musanya shi a gabana.